Daga Gona Zuwa Fuloti: Ƙasa, Mallaka da Tafiya a Narayi ta Kaduna

Manufar wannan maƙala ita ce a duba abin da yakan sami ƙauye idan birni ya cim masa, musamman abin da yakan sami ƙasar noma da masu ita, da kuma kalmomin da ake magana da su a kanta. Wurin da muka ɗauka misali shi ne Narayi, wadda ke kudu da Kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Narayi tana maƙwabtaka da Barnawa, ba ta kuma da nisa da Sabon Tasha da Unguwar Talabijin da Kakuri. Wanda ya shige ta yau zai ga shaguna da majami'u da makarantu da gidajen haya a jere, ba abin da zai nuna masa ƙauye. Amma asalinta ƙauyen manoma ne na Gbagyi, irin waɗanda birnin Kaduna ya tarar a gefen kogin. Abin da muke so mu nuna shi ne, hanya ce ta fara sa wa ƙasar Narayi kuɗi, doka kuma ta zo ta ɗauke hujjar mallaka daga bakin dattawa ta mayar da ita kan takarda, kuma Hausar da ake cinikin ƙasa da ita ta adana alamun wannan sauyi ɗaya bayan ɗaya.

Tun da farko ya kamata a kawar da wani ruɗani na suna. Abubuwa uku ne ake kira da kalmar kudu a wannan jiha. Akwai Kudancin Kaduna, wato ƙasashen Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da sauransu. Akwai ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedkwata a Maƙera, wadda ta haɗa har da Tudun Wada, alhali Tudun Wada tana arewa da kogi. Sannan akwai unguwannin birnin da ke tsallaken kogi ta kudu, waɗanda wasunsu na Kaduna ta Kudu ne, wasunsu kuma na Chikun. Wannan na uku shi ne abin nufinmu a duk inda muka ce kudu.

Mutanen wurin da zamansu

Mutanen da Hausawa ke kira Gwari su kansu Gbagyi suke kiran kansu, kuma da wannan suna za mu kira su. Dalili kuwa shi ne kalmar Gwari ta ɗauki wani nauyi a bakin Bahaushe wanda bai dace ba. Idan aka ce wa mutum bagware, ko aka ce yana gwaranci, abin nufi shi ne bai iya magana ba ko bai waye ba. Wannan ɗabi'a ce ta duk harshen da ya yi rinjaye a kan maƙwabtansa, amma ba ta zama hujja ga malami ya ci gaba da ita a rubuce ba. Ƙasar Gbagyi tana da faɗi ƙwarai, ta taso daga wajen Birnin Gwari da Chikun da Kujama, ta bi ta Minna da Kuta, har ta haɗa da mafi yawan inda Abuja take a yau. Sanannar maginiyar tukwane Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar Naira 20, daga cikinsu ta fito.

Yankin Kaduna yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wato damina ta fi ta Kano da Katsina tsawo da yalwa. Saboda haka noman ƙauyukan Gbagyi ya dogara ne ga doya da dawa, ana haɗawa da masara da gyaɗa da sauran kayan miya. Doya kuwa tana son sabuwar ƙasa. Manomi yakan sare daji ya yi kunya ya shuka doya, shekara mai zuwa ya bi ta da dawa, bayan 'yan shekaru ya bar wurin ya huta ya koma gaba. Wurin da aka bari shi ne saura. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan kalma, domin a kanta ne mafi yawan rikicin da ya biyo baya ya ginu. Ga manomin, saura gona ce da ke hutu, kowa a ƙauyen ya san ta gidan wane ce. Ga baƙo mai awo kuwa, daji ne wanda ba kowa a cikinsa.

A irin wannan tsari ƙasa ta zuriya ce. Babban gida shi ke raba wa 'ya'ya da ƙanne inda za su noma, sarkin ƙauye kuma shi ke da magana a kan dajin da ba a taɓa sarewa ba. Baƙo idan ya zo yakan nemi wuri ta hannun mai masaukinsa, a nuna masa, ya riƙa kai ɗan abin gaisuwa bayan girbi. Itatuwa masu amfani kamar ɗorawa da kaɗanya sukan zauna a hannun mai asalin wurin ko da wani ne ke noma ƙarƙashinsu, kuma da su ake gane iyaka. Ƙasar ba ta da farashi, domin tana da yawa, mutane ne ba su da yawa. Abin da ke da tsada shi ne hannun da zai riƙe fartanya.

Tafiya kuwa a ƙafa ake yin ta. An san matan Gbagyi da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka, suna kai itace da doya da tukwane kasuwa. Da rani ana ratsa kogi a mashigi, da damina sai an yi fito da kwalekwale. Kafin zuwan Turawa nisa da babbar hanya kariya ce, domin ƙasar Gbagyi ta sha hare-haren neman bayi daga wajen Zazzau da Kwantagora, shi ya sa ƙauyuka da yawa suka raɓu da duwatsu. Har yau akwai sashen Narayi da ake kira Bayan Dutse.

Yadda hanya ta iso

A shekarar 1911 dogo ya isa Kano, ya ratsa Kogin Kaduna a kan hanyarsa. Wannan mahaɗa ta ruwa da dogo ita ce ta ja hankalin Gwamna Lugga, har aka fara kawo sojoji wurin, aka kuma dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Wajen 1927 dogon gabas wanda ya biyo ta Kafanchan ya zo ya haɗu da na Ikko a babbar tashar da ke kudu da kogi. Turawa sun tsara garinsu a arewa, da ofisoshi da bariki da unguwar Turawa da Sabon Gari. Kudu kuwa aka bar wa reluwe da ma'aikatanta da ƙauyukan da aka tarar, waɗanda harkokin mulkinsu suka daɗe suna ƙarƙashin En'e ta Zazzau.

Abin da ya sauya kudu gaba ɗaya shi ne masaƙu. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, a 1964 da 1965 wasu manyan masaƙu biyu suka bi bayanta, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan Kakuri, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai a kudu maso gabashin garin, ta wajen hanyar Kachia. Ƙidayar 1963 ta ba Kaduna mutum kimanin 150,000. Ƙidayar 2006 kuwa ta ba Chikun ita kaɗai kimanin 370,000, kuma mafi yawansu a waɗannan unguwanni na bakin birni suke. Ma'aikatan masaƙu sun zo daga Binuwai da Filato da Kudancin Kaduna da ƙasar Ibo da ta Yarabawa da kuma ƙasar Hausa. Albashinsu bai isa gida a cikin gari ba. Abin da suke bukata shi ne ɗaki mai araha wanda za a iya zuwa aiki daga gare shi a kan keke ko a ƙafa, kuma ƙauyukan Gbagyi ne kaɗai ke da filin da za a gina irin wannan ɗaki ba tare da dogon bin ofis ba. Kakuri da Maƙera da Nasarawa suka fara cika, sannan Barnawa, inda aka gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi a zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983. Da Barnawa ta cika sai abin ya malala Narayi.

Ko kalmomin tafiya sun isa su ba da wannan tarihi. Tsohuwar Hausa tana da fatake da ayari da madugu da zango da kadarko. Sabuwar ta zo da tasha da reluwe da kwalta da titi da gada da kwandasta da kamasho, duk ararru. Daga baya aka sami kabukabu da acaɓa, sannan babur mai ƙafa uku, wanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu, mutanen Kaduna kuwa keke kawai suke ce masa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara nisan da ma'aikaci zai iya zama daga wurin aikinsa, kowanne kuma ya mayar da wata gona ta zama abin saye. Acaɓa ta fi duka tasiri a nan, domin ita ce ke shiga lungun da mota ba ta shiga, saboda haka ita ce ta sa aka iya gina gida inda ba a bar hanya ba.

Kalmomin ƙasa

A nan ne ya kamata mu ɗan dakata. Hausa ita ce harshen kasuwa da na ciniki tsakanin ƙabilun kudu, kuma da ita aka yi mafi yawan maganar ƙasa tsakanin Gbagyi da baƙinsu. To amma kalmomin Hausa na ƙasa sun zo da nasu tarihi daga wani wuri dabam.

Bahaushen karkara yana da gandu, wato gonar gida wadda uba da 'ya'yansa ke nomawa tare, yana da gayauna, ƙaramar gonar da ɗa ko mata ke nomawa don kansu. Yana da hanyoyin samun gona da yawa, kowace da sunanta. Gado shi ne na farko, kuma a shari'ar Malikiyya ana raba gona kamar sauran dukiya, namiji ya sami rabon mata biyu. Aro shi ne a ba ka ka noma, mai ita ya karɓa in ya bukata. Jingina ita ce ka ba da kuɗi ka riƙe gona har ranar da aka mayar maka da kuɗinka. Akwai haya, akwai kyauta, akwai kuma saye. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan raya mataccen fili, Abdullahi ɗan Fodiyo ma yana da littafi a kan haka mai suna Ta'alimur Radi. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa sayar da gona abu ne da aka saba da shi tsakanin manoman Hausa. Dalili a fili yake, a kewayen Kano da Katsina mutane sun yi yawa, ana noma gona kowace shekara da taki, saboda haka iyakarta tabbatacciya ce, tana kuma da farashi.

Sai aka ɗauki waɗannan kalmomi aka kai su wurin da ƙasa ba ta taɓa yin farashi ba. Idan dattijon Gbagyi ya ce wa baƙo na ba ka, abin da al'adarsa ta sani shi ne ya ba shi wurin zama da noma muddin yana nan, asalin ƙasar kuwa tana hannun zuriya. Baƙon da ya ba da kuɗi, ko da kuɗin goro aka kira su, abin da ya ji shi ne ya saya. Muddin su biyun suna raye ba a jin kansu. Magana takan tashi ne a hannun 'ya'ya, bayan shekara ashirin ko talatin, lokacin da wurin ya yi daraja, shaidu sun mutu, ɗorawar da aka yi iyaka da ita an sare ta. Ɗaya ya ce aro ne, ɗaya ya ce saye ne, kuma mai yiwuwa ne ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A ganina wannan shi ne abin da masu nazarin ma'ana suka fi yin sakaci da shi. Mun yi ta lissafa kalmomin aro daga Turanci da Larabci, amma ba mu cika duba abin da yakan faru ba idan Hausa ce ta shiga bakin wata al'umma, kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu a zaman ciniki ɗaya.

Kalmomin da suka maye gurbin waɗancan kuwa na awo ne. Gona ta koma fili, fili kuma aka yanka shi fuloti-fuloti. Fegi asalinsa turken da mai awo ke kafawa ne, amma yau yana nufin filin kansa. Kanawa sun raba fili gida biyu, awon gwamnati da awon igiya, kuma wannan rabo ya dace da Narayi sarai, domin in ban da sashen da ake kira Hai Kos da makamantansa, mafi yawan tsohuwar unguwar masu gona ne suka yanka da kansu. Fulotin da aka saba da shi ƙafa 50 ne a kan ƙafa 100. Hekta ɗaya takan ba da irinsa 21 idan ba a bar hanya ko kwata ba. Duk hanyar da mai gona ya bari fuloti ne ya yi asara, saboda haka yakan bar mafi ƙanƙantar abin da zai iya. Wannan ɗan lissafi shi ne asalin ƙuncin lunguna da ambaliyar kwata da ake gani a irin waɗannan unguwanni a duk Arewa. Tare da fuloti kuma aka sami dillali da la'adarsa, da takardar ciniki wadda mai unguwa ko dagaci ke sa wa hannu.

Abin da doka ta ce

Mai saye yakan ɗauka wannan takarda ta mai unguwa ta gama magana. A wurin doka kuwa ba haka abin yake ba, kuma tushen wannan ya girmi Nijeriya mai 'yanci. Bayan kwamitin da aka kafa a 1908 a zamanin Gwamna Girouard, dokar 1910 ta sanya dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a matsayin amana domin 'yan ƙasa. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba da wannan tsari. Sannan a watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da Dokar Amfani da Ƙasa, ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka, aka kuma ɗaure dokar a jikin tsarin mulki na 1979, da na 1999 bayansa, yadda gyara ta ya zama da wuya.

A ƙarƙashin wannan doka ba wanda ya mallaki ƙasa kanta. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani. Dokar ta raba ƙasa biyu, ta birni da wadda ba ta birni ba, kuma Gwamna ne ke shelanta inda birni ya tsaya. A birni Gwamna ke ba da haƙƙi da satifiket, a karkara ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin gargajiya. Ba a sayar da haƙƙi ko a jinginar da shi sai da izini. Gwamna yana iya karɓe wuri saboda amfanin jama'a, diyyar da za a biya kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar ba.

Sashe biyu ne suka fi shafar ƙauye irin Narayi. Sashe na 36 ya bar wa manomin karkara gonarsa ya ci gaba da nomawa, amma ya hana shi yanka ta fuloti-fuloti ko ya sayar. Sashe na 34 kuwa ya ce wanda ke riƙe da filin da ba a gina ba a cikin birni lokacin da dokar ta fara aiki, rabin hekta kawai zai tsira da shi, sauran ya koma hannun Gwamna. Idan mai karatu ya haɗa waɗannan da abin da muka faɗa game da saura, zai ga halin da manomin bakin birni ya shiga. Gonar da ke hutu ba ta da gini, ba ta da shuka, saboda haka in an karɓe ta kusan ba abin da za a biya. Manomi ya ga abin da ya sami 'yan'uwansa a wasu wurare, musamman bayan dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya a tsakiyar ƙasar Gbagyi. Hankali ya nuna masa gara ya yanka ya sayar tun kafin mai awo ya iso. Ana yawan zargin Gbagyi da cewa sun sayar da gadonsu da araha sun koma gefe. Wanda ya karanta dokar zai rage wannan zargi, domin ita ce ta sa riƙe gona ya zama kasada, sayar da ita kuma ya zama dabara, ko da yake cinikin kansa ba ya bisa ƙa'idarta.

Wata 'yar magana a kan sunaye

Ɗaliban nahawu sukan yi tambaya a kan sunayen waɗannan unguwanni. Tasha kalma ce ta mace, daidaitacciyar Hausa za ta ce Sabuwar Tasha, amma kowa Sabon Tasha yake cewa. Haka nan ake rubuta Ungwan Boro da Ungwan Romi da Ungwan Maigero, inda Bakano zai ce Unguwar. Sau da yawa akan yi saurin cewa wannan Hausar waɗanda ba Hausawa ba ce. Akwai gaskiya a ciki, domin harsunan Binuwai-Kwango, irin su Gbagyi, ba su raba suna zuwa namiji da mace. Amma kada a manta Zazzaganci kansa ya daɗe da sassauta wannan bambanci, Bazazzagi yakan ce rigan Audu ba tare da ya ji ya yi kuskure ba. Ungwan Rimi da Ungwan Sarki ma a arewacin kogi suke. Hausar da ta fara isowa ƙauyukan nan ta Zazzau ce, ta kuma tarar da bakin da ya yi na'am da ita.

Kogi ya zama iyaka

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 20 abin da ke sa mutum ya zaɓi unguwa shi ne kusanci da aiki da arahar haya. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayu 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011, sun kawo wani ma'auni dabam. An yi asarar rayuka masu yawa, waɗanda suka tsira kuma kowa ya nemi inda masu addininsa suka fi yawa. Kiristoci da dama suka bar Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka tsallako kudu, Musulmi da dama suka bar unguwannin kudu suka koma arewa. An sayar da gidaje cikin gaggawa, wasu ma musaya suka yi, gida da gida. Har aka kai wasu suna yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Ƙudus. Rabuwar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, domin akwai Musulmi masu yawa a Kakuri da Maƙera da Barnawa da Nasarawa, amma ta isa ta sauya kasuwar ƙasa.

Abin lura shi ne wannan ya zo daidai da mutuwar masaƙu. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar masaƙar da aka buɗe a 1964 ta tsaya a 2007. Bisa ƙa'ida, in aikin da ya tara mutane ya mutu, haya takan faɗi. A Narayi da Sabon Tasha da maƙwabtansu kuwa bukatar ɗaki ƙaruwa ta yi, domin abin da ake saye yanzu kwanciyar hankali ne. Sauran gonakin da suka rage a tsakanin unguwanni suka tafi, gini ya miƙa wajen Kamazo da Mahuta. Kalmar hayi, wadda a Hayin Banki ko Hayin Rigasa ba ta wuce nuna tsallaken rafi ko dogo ba, ta sami 'yar'uwa mai nauyi, domin in mutumin Kaduna ya ce zai tsallaka gada, sau da yawa yana faɗin abin da ya fi tafiya.

Gadojin kansu kaɗan ne. Shekaru da yawa babbar gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello ita ce ƙofar tsakiyar gari, sai ta hanyar bayan gari ta yamma wajen Nasarawa. Ma'aikacin gwamnati da ke kwana a Narayi ofishinsa yana arewa, saboda haka safe da yamma yana cikin cunkoso. Hanyar gabas da ake kira da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, da gadar da aka yi tsakanin Kabala Kostain da Barnawa a zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i, sun rage wannan wahala. Sun kuma maimaita abin da dogo ya yi a 1911, wato duk inda sabuwar kwalta ta bi, filin da ke bakinta ya tashi daga hannun manomi ya koma hannun mai kuɗi.

A zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka ba Gbagyin Chikun masarautarsu, suka fita daga ƙarƙashin Zazzau. Sarautar ta zo ne bayan mafi yawan ƙasar da ke kusa da birni ta riga ta fita daga hannunsu. Daga 2016 kuma hukumar KADGIS ta jihar ta ɗauki aikin rajistar filaye da kwamfuta da hoton sama, aka bukaci masu tsofaffin takardu su sabunta, masu awon igiya kuma su nemi a halatta musu. Amfanin wannan a fili yake, domin mai satifiket yana iya kai shi banki, kuma yana da wuya a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Amma hoton sama rufin kwano yake gani, ba ya ganin wanda kakansa ya sare dajin. A shekarar 2016 aka ga misalin haka a unguwar Gbagyi Villa, nan kudu da kogi, inda gwamnatin jiha ta ce filin na Kwalejin Fasaha ta Kaduna ne, mazauna kuma suka ce daga hannun masu asalin ƙasa suka saya suka gina, har magana ta kai gaban kotu. Kowane ɓangare ya zo da takardunsa, ɗaya da na ofis, ɗaya da na ciniki.